Windo uku, soket uku: wa ya kamata ya riƙe layin?

Ɗan Wunti: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawara kafin in sha kunya a gaban mai gida. Na haɗa wa wani Alhaji manhajar kantin magani da Electron, wato kayan aikin gina manhajar kwamfuta da fasahar shafukan intanet. Babban shagon yana kasuwar Muda Lawal, reshe kuma a Azare. A kwamfutar kanti ana buɗe windo uku: na sayarwa, na sito, da wani ƙarami a allo na biyu da ke nuna wa kwastoma kuɗinsa. Kowanne da ya buɗe sai ya ƙulla nasa WebSocket (soket, layin da ke zama a buɗe ana musayar saƙo) da saba, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanai. A ɗakina komai lafiya lau. Da aka kai shago aka ɗora a kan MiFi, sai abu ya fara. Sabis na ɗaukewa, su ukun su faɗi, su ukun su tashi tare, wani ya riga wani. Windon sito ya ce saura kwali 12, na sayarwa ya ce 14. Shekaranjiya rasit ɗaya ya shiga sau biyu, Alhaji ya kira ni bayan Isha'i. Ta yaya zan sa su ukun su yi amfani da haɗi ɗaya?

Sabon Shiga: Wa alaikumus salam. Yaya, ba za ka iya ƙirƙirar soket ɗin a fayil ɗaya ba, sai kowane windo ya shigo da fayil ɗin? Haka nake yi a React, laburaren zana fuskar shafi, kuma guda ɗaya yake zama.

Injiniya Na Yalwa: Ƙanena, wannan yana aiki ne a cikin windo guda. A Electron kowane windo gidansa daban, ƙwaƙwalwarsa daban. Fayil ɗin da ka shigo da shi sau uku, sau uku zai gudana, kuma babu wanda ya san da zaman ɗan uwansa. Tsarin da Electron ya gada daga Chromium, injin burauzar Chrome, ke nan: akwai uwa guda ɗaya da ke tashi da manhajar, a Electron ita ke da Node.js (mai gudanar da kod a wajen burauza) a hannu, ita ke haifar windo. Sannan akwai 'ya'ya, kowanne yana zana nasa shafin. Soket ba abu ne da za ka ɗauka ka miƙa daga ɗa zuwa ɗa ba. Saƙo kawai ake iya miƙawa.

Ɗan Wunti, mayar da soket ɗin wurin uwa. Sa laburaren ws a can, ta ƙulla haɗi ɗaya tak. In windo na son aika abu, ya kira ipcRenderer.invoke, uwa ta karɓa da ipcMain.handle. In saƙo ya zo daga saba, uwa ta bi 'ya'yanta da webContents.send ta raba musu. Ƙofar da ke tsakani ka buɗe ta a fayil ɗin preload da contextBridge, ayyuka uku ko huɗu masu suna, kada ka ba windo ipcRenderer gaba ɗaya.

Na Tumfure: Da izinin Malam, ni ban yarda ba. Me ya sa za a ɗora wa uwa kaya alhali burauza ta riga ta tanadi SharedWorker, ma'aikacin bayan fage da windo da yawa ke tarayya a kai, don wannan aikin? Windo nawa ka buɗe, in dai asalin adireshinsu ɗaya ne, ma'aikaci ɗaya za su samu. Soket ya zauna a cikinsa, kowa ya yi magana da shi ta tasharsa. Ribar ita ce ranar da Alhaji ya ce yana son duba sito daga burauza a gida, kod ɗin nan dai za ka ɗauka ka kai, ba sai ka sake rubutu ba. Na yi wa wata makaranta a nan Gombe haka, shekara ta zagayo ba su kira ni ba.

Baba VB6: Ba su kira ka ba, ko sun samu wani? 😂

Na Tumfure: Baba, sun biya ni kuɗin sabuntawa a watan jiya, ka kwantar da hankalinka.

Baba VB6: To madalla. Ni tambayata ga yaron nan ita ce, wa ya ce dole sai windo uku? Mu da muka yi wa shagunan Central Market manhaja da Access tun ana sayen kati a kankare, fom ɗaya muke yi mai shafuka. Mai kanti ya danna nan ya ga sito, ya danna can ya sayar. Ku yaran yanzu kowane windo sai ya ci ram kamar ɗan biki, a kan kwamfutar da ba ta wuce giga 4 ba. Haɗe su wuri ɗaya ka huta.

Ɗan Wunti: Baba, na sito da na sayarwa zan iya haɗewa. Amma na kwastoma yana kan wani allon daban da ke fuskantar waje. Shi ne ma abin da Alhaji ya fi so a duk aikin, don ya rage gardamar canji.

Baba VB6: To wannan ɗin me ya haɗa shi da intanet? Abin da yaron kanti ya danna a gabansa yake nunawa. Sai ka aika Legas ko Turai ka dawo da shi don ya haye tebur?

Ɗan Wunti: ...Gaskiya haka na yi. Saba tana Frankfurt.

Baba VB6: Inna lillahi. Farashin Panadol ya je Jamus ya dawo kafin mutumin da ke tsaye a gabanka ya gani.

Injiniya Na Yalwa: Nan Baba ya yi gaskiya. Allon kwastoma ba ya buƙatar saba ko kaɗan. Windon sayarwa ya gaya wa uwa, uwa ta gaya wa allon. Ko ka buɗe musu tasha kai tsaye da MessageChannelMain, ka ba kowanne baki ɗaya, su yi ta hirarsu ba tare da uwa ba. Ka ga soket ɗaya ya ragu ba tare da an yi komai ba.

Komawa ga Na Tumfure. SharedWorker yana aiki, ban musa ba. Amma yana rayuwa ne muddin akwai windon da ke riƙe da shi. Yaron kanti ya rufe na ƙarshe, shi ma ya tafi, da duk abin da bai gama aikawa ba. Uwa kuwa za ka iya barin ta a raye a gefen agogo, windo duk a rufe, tana ci gaba da tura cinikin da ya maƙale. Sannan in ka ba windo biyu partition daban, wato kowanne da ma'ajiyarsa, ma'aikaci biyu za ka samu ba tare da ka lura ba. Abu na uku kuma, WebSocket na burauza ba ya barin ka aika ping (gaisuwar "kana nan?") da kanka, ba ya barin ka sa kan saƙo irin Authorization, mai ɗauke da shaidar shiga, wajen ƙullawa. Laburaren ws yana yin duka biyun.

Na Tumfure: Ping ɗin ai saƙon JSON ne kawai, ka rubuta naka cikin layi biyar. Ni abin da nake tsoro game da uwa daban ne: in ta shagala, kowa ya daskare. Ita ke kula da windo da menu da komai. Ka zuba mata jerin magani dubu biyar ta tsaya fassara, ko ka sa better-sqlite3, laburaren rumbun bayanai wanda ba ya barin ta yin wani aiki sai ya gama, sai ka ga windo ya ƙi motsi, Windows ta fara cewa manhaja ba ta amsawa. Na ga wannan da idona.

Injiniya Na Yalwa: Wannan ƙorafi ne na gaske. Maganinsa utilityProcess, ya shigo a Electron 22. Uwa ta haifi wani ɗa marar fuska, mai Node.js, ta ba shi soket da rumbun bayanai, sannan ta raba wa kowane windo tasha zuwa gare shi. Ka samu abin da kake so a SharedWorker, kuma ba ya mutuwa don an rufe windo. Amma ga kanti ɗaya da ba ya wuce ciniki ɗari biyu ko uku a rana, ni zan fara da uwa. In ta fara nishi sai a raba mata kaya.

Mai Gyaran Laftof: Tunda an ambaci 22, ku tuna ita ce ta ƙarshe da ke tashi a Windows 7 da 8. Daga 23 sai Windows 10. Ɗan Wunti ka duba injin Azare tukuna. Kwamfutocin da ake kawo min daga shaguna da yawa tsofaffin HP ne na gwanjo, wasu har yau 7 ce a kai.

Ɗan Wunti: Duka biyun 10 ne, ni na sa musu.

Sabon Shiga: Ni na karanta cewa Chrome ba ya barin haɗi ya wuce 6 zuwa saba ɗaya. Ko shi ya sa nasa ke faɗuwa?

'Yar Fadaman Mada: A'a. Shidan nan na buƙatun HTTP/1.1 ne, kuma ya fi cizon masu amfani da EventSource, wata hanyar karɓar saƙo daga saba, don kowane shafi yana riƙe ɗaya a buɗe, na bakwai sai ya tsaya jira. HTTP/2 ya sauƙaƙa wannan tunda yana cusa buƙatu da yawa a haɗi guda. WebSocket lissafinsa daban, uku ba komai ba ne.

Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuna ta gardamar inda za a ajiye soket, amma babu wanda ya tambayi abin da ya sa rasit ya shiga sau biyu. Ɗan Wunti, in an danna "sayar" kuma amsa ba ta dawo ba, me manhajar ke yi?

Ɗan Wunti: Tana jira daƙiƙa 10, sai ta sake aikawa.

'Yar Fadaman Mada: To ga ɓarawonka nan. Saƙon farko ya isa, saba ta rubuta, amsar ce ta ɓata a hanyar dawowa. Kai kuma ka ɗauka bai je ba, ka sake. Ko soket ɗaya gare ka a duniya, wannan zai sake faruwa. Ka haɗe su, za ka rage data, za ka rage hayaniya, amma Alhaji zai sake kiran ka bayan Isha'i.

Kowane ciniki ka yanka masa lambarsa tun a kanti, kafin ya taɓa intanet. crypto.randomUUID ya isa. A saba ka sa wannan gurbin ya zama UNIQUE. In rumbun bayananka Postgres ne, ON CONFLICT DO NOTHING, wato in lambar ta riga ta shiga a ƙyale ta, sannan ka mayar da amsar "na karɓa" ko da karo na goma ne ya zo. Daga nan ka sake aikawa sau nawa ka ga dama.

Injiniya Na Yalwa: Hajiya ta kama mu. Na tafi gyaran famfo, ashe tankin ne a fashe.

'Yar Fadaman Mada: Ban gama ba Malam. Batun 12 da 14 ma ba na soket ba ne zalla. Ka ɗauka an mayar wurin uwa. Windon sayarwa yana buɗe tun safe, ya ji duk abin da ya faru. Ƙarfe biyu yaro ya buɗe na sito. Shi bai ji komai ba, daga yanzu zai fara ji. Me zai nuna? In ya je saba ya ɗauko da kansa, kun koma gidan jiya, kowa da nasa lissafin. Dole wanda ke riƙe da layi ya riƙe littafi ma. Sabon windo ya zo, abu na farko ya ce wa uwa "ina aka kwana?", ta ba shi cikakken halin da ake ciki tare da lambar saƙon ƙarshe, sannan ya fara karɓar sababbi daga wannan lambar. Windo ba shi da nasa ra'ayin, abin da uwa ta ce shi zai zana.

Haka ita ma uwar za ta yi da saba. Kowane saƙo da lambarsa a jere. Sabis ya dawo, ta ce "na tsaya a 4,310, ba ni abin da ya biyo baya." In ba haka ba, duk abin da Azare ta sayar a cikin minti goman da kuka yi a duhu ya wuce ku har abada.

Na Tumfure: Laburaren Socket.IO ai yana da wannan, tun 4.6 akwai dawo da zama bayan yankewa.

'Yar Fadaman Mada: Yana da shi, na ɗan gajeren lokaci ne, kuma su da kansu sun rubuta cewa ba kullum yake yin nasara ba, dole ka tanadi hanyar sake daidaitawa. Abin da yake tarawa lokacin da babu sabis kuma a ram yake. A ɗauke wuta kafin a tada janareta, kwamfutar tebur ba UPS, shi ke nan. Mu nan ba yankewar daƙiƙa biyar muke fama da ita ba. Data na iya ƙarewa ranar Juma'a, Alhaji yana masallaci, babu mai sayen wata sai La'asar.

Baba VB6: Abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu da wasu kalmomi. Ciniki ya fara sauka a faifan kwamfutar kanti. Intanet baƙo ne, in ya zo a ba shi saƙo ya kai.

'Yar Fadaman Mada: Haka ne Baba, sai dai da SQLite, ƙaramin rumbun bayanai mai zama a fayil ɗaya, maimakon Access ɗinka. Tebur ɗaya na masu jiran tafiya. An sayar, a rubuta a ciki, a buga rasit, kwastoma ya tafi. Uwa ta riƙa kwashewa ɗaya bayan ɗaya, ba ta goge komai sai saba ta ce ta karɓa. Kuma wannan shi ne dalilin da ya sa na fi karkata ga Malam a kan Na Tumfure: littafin da firinta duk suna ɓangaren Node, to layin ma ya zauna kusa da su.

Na Tumfure: IndexedDB fa, rumbun bayanan burauza? SharedWorker na iya rubutu a ciki.

'Yar Fadaman Mada: Yana iya. Ranar da kwamfutar ta ƙi tashi, Mai Gyaran Laftof ya ciro faifan, wanne ka fi so ka nema: fayil ɗaya na SQLite da kowa zai iya buɗewa, ko tarin fayilolin LevelDB da IndexedDB ke ajiyewa a cikin AppData?

Na Tumfure: To, wannan kin ci. Amma ina nan a kan bakana ga manhajar da ba ta da firinta ba ta da sito, irin ta hira ko allon sanarwa. Can SharedWorker ya fi sauƙi. Akwai ma hanya ta uku da ba a ambata ba: kowane windo ya nemi makulli da navigator.locks, wanda ya samu shi ne shugaba, shi ke buɗe soket, ya riƙa sanar da sauran ta BroadcastChannel. Ya rufe, makulli ya faɗa hannun na gaba.

Injiniya Na Yalwa: A burauza dabara ce mai kyau, tunda can babu uwa. A Electron kana da sarki a gida, me zai kai ka zaɓe? Kuma shugaban naka windo ne. A naɗe shi ƙasa, Chromium ya fara rage masa gudun agogo. Tun Chrome 88, shafin da ya ɓuya fiye da minti biyar yana iya komawa duba agogonsa sau ɗaya a minti. Gaisuwar da kake aikawa duk daƙiƙa 25 ta makara, saba ta ɗauka ka mutu. Akwai backgroundThrottling da za ka kashe, amma ka ga an fara ɗinki a kan ɗinki.

Baba VB6: Mutanen Gombe dai tun 1996 da suka fita suka buɗe nasu soket, ba sa son a ce uwa ɗaya ce.

Na Tumfure: Kuma namu bai taɓa yankewa ba Baba. Ku dai ku riƙe masarku, ita ce kawai muke zuwa ci.

Admin: A dawo kan magana, don Allah. 😄

Ɗan Wunti: Na gode ƙwarai. Wani abu kuma: wani lokaci manhajar na nuna koren ɗigo cewa tana kan layi, amma babu abin da ke shigowa. Sai an rufe an buɗe.

Injiniya Na Yalwa: Da me kake kunna ɗigon?

Ɗan Wunti: navigator.onLine.

Injiniya Na Yalwa: Shi abin da ya sani kawai shi ne kwamfuta tana manne da MiFi. Ko data ta ƙare, ko eriya ta mutu, zai ce maka lafiya. In ya ce babu, ka yarda. In ya ce akwai, ka bincika. Shi kansa soket ɗin yana iya mutuwa a tsaye: sabis ya ɗauke ba sallama, babu wanda ya aiko da saƙon rufewa, TCP yana zaune yana jira. Haka in aka sauya daga MiFi zuwa hotspot na waya, adireshi ya canza, tsohon haɗin gawa ne. Kamfanonin waya kuma suna tara mutane da yawa a bayan adireshi ɗaya, haɗin da ya yi shiru suna share shi daga teburinsu.

Don haka uwa ta riƙa cewa "kana nan?" duk daƙiƙa 20 zuwa 30. Ba amsa cikin daƙiƙa 10, ta kira terminate, ba close ba, don close yana jiran musabaha da wanda ba ya nan. Koren ɗigo ya dogara da amsar ƙarshe da aka samu. In akwai Nginx, manhajar da ke tsaron ƙofa, a gaban sabarka, ka sani proxy_read_timeout ɗinsa daƙiƙa 60 ne in ba ka taɓa ba, haɗin da ya yi minti guda shiru zai datse.

Ɗan Wunti: Wallahi akwai Nginx, kuma ban taɓa ba. Shi ya sa da safe kafin kasuwa ta cika yake yawan faɗuwa!

'Yar Fadaman Mada: Wajen sake ƙullawa kuma kada ka yi ta buga ƙofa duk daƙiƙa. 1, 2, 4, 8, ka tsaya a 30, ka ɗan yayyafa bazuwar lokaci a kai. Yanzu shago biyu ne ba za ka ji ba. Ranar da suka zama arba'in ka sake kunna saba, duk za su faɗo mata lokaci guda. Ka kuma saurari powerMonitor, in kwamfuta ta farka daga barci kada ka jira, ka yanke tsohon ka ƙulla sabo nan take.

Sabon Shiga: Anti, tambaya: in babu sabis a Azare da Bauchi duka, kowa ya sayar da kwalin ƙarshe fa?

'Yar Fadaman Mada: Sito ɗinsu daban ne, kowa kayan da ke kan kantarsa yake sayarwa, to da sauƙi. Amma ka riƙe wannan: kada kanti ya aika "saura 12". Ya aika "an fitar da 2". Saba ce mai tarawa. In kowa yana aika jimilla, wanda ya zo ƙarshe zai taka na farko. In kuwa sito ɗaya ne kwamfuta biyu, lissafi zai iya sauka ƙasa da sifili, sai ka nuna wa mai shago da ja ya je ya ƙirga. Wannan kod ba ya warware shi, mutum ne.

Mai Gyaran Laftof: Ku ƙara masa da na yaran kanti. In abu bai buɗe da wuri ba sai su yi ta danna alamar sau huɗu. Uwa huɗu ke nan, kowacce da soket ɗinta.

Injiniya Na Yalwa: Allah ya yi maka albarka, na manta. app.requestSingleInstanceLock a farkon fayil. Wadda ba ta samu ba ta fita, ta farko ta ɗago windonta.

Sauran ƙananan ramuka biyu da za ka faɗa, gara in gaya maka yanzu. Za ka aika wa windon da aka riga aka rufe, ka ga "Object has been destroyed". Ka duba isDestroyed kafin aikawa, ka cire shi daga jeri in ya rufe. Sannan a React, duk inda ka yi rajistar sauraro ka cire in shafin ya sauka, in ba haka ba saƙo ɗaya zai zo maka sau biyar ka rantse saba ce, har Node ya fara gargaɗin masu sauraro sun wuce 10.

'Yar Fadaman Mada: Tokin shiga ma, wato shaidar da saba ke ba wanda ya shiga, ya koma wurin uwa, a ɓoye shi da safeStorage. Na taɓa kwana biyu ina neman dalilin da ma'aikatan wani ofis ke fita daga manhaja haka kawai. Ashe windo biyu ne ke sabunta tokin lokaci guda, na farko ya samu sabo, tsohon ya mutu, na biyu ya je da matacce, saba ta kori kowa. Allon kwastoma kuma kada uwa ta tura masa komai da komai. Farashin sari da ribar Alhaji ba su da aiki a windon da ke kallon titi, ko da ba a zana su ba.

Na Tumfure: Wannan matsalar tokin ta same ni, ban faɗa ba ne kawai.

Baba VB6: Ashe dai sun kira ka.

Ɗan Wunti: Jama'a na dawo da rahoto, yau kwana tara. Soket ya koma wurin uwa, SQLite da layin jira, lamba ga kowane ciniki, gaisuwa duk daƙiƙa 25. Allon kwastoma ya daina zuwa Jamus. Na gwada da zare MiFi ana tsakiyar sayarwa, na sayar da abu bakwai a duhu, na kashe kwamfutar daga soket ɗin bango, na kunna, na mayar da sabis, bakwai suka shiga, ba takwas ba. Windon sito ban haɗe shi ba Baba, yaran sun saba da shi. Data ma ta ragu, don da kowane windo yana sauke jerin magunguna gaba ɗaya duk lokacin da ya sake ƙullawa. Da tsadar da data ta yi tun ƙarin kashi 50 na 2025, Alhaji ya lura da kansa.

Amma yau da safe na Azare ya ƙi ƙullawa sam. Intanet na aiki a wayar yaron, a MiFi ɗaya. Saƙon da ke fitowa CERT_NOT_YET_VALID. Ban taɓa komai a saba ba.

Mai Gyaran Laftof: Ce wa yaron ya duba kwanan wata a ƙasan allo ya karanto maka.

Ɗan Wunti: Ya ce 1 ga Janairu, 2009.

Mai Gyaran Laftof: Batirin agogo ne ya mutu, ɗan farin nan mai kama da kwabo, CR2032. Kun kashe ta da daddare ta manta shekara, takardar shaidar sabarka kuma a wurinta ba a ma haife ta ba tukuna. Ya gyara kwanan da hannu yanzu su samu su yi ciniki. Batirin akwai a wurin masu gyaran agogo a nan Azare, kada ya bari a sayar masa da CR2025, ya fi siriri, ba ya zama daram.

'Yar Fadaman Mada: Ɗan Wunti, kafin ya gyara: cinikin da suka yi da safen nan, da wane kwanan wata ka rubuta su a layin jira?

Ɗan Wunti: Innalillahi. Date.now, agogon kwamfutar.

'Yar Fadaman Mada: Nawa ne?

Ɗan Wunti: Ya ce goma sha ɗaya. Bari in kira shi kada ya taɓa komai tukuna.